Sai Ruwa Ya Ɗauke

Ni ce Altine mai fura da nono ta bakin gadar Chanchaga, kuma kowa a layinmu ya san ba na tafiya da ka. Kafin in ɗaga ƙafa sai na duba wata, na duba sama. A watan Maris ba na shiga mota, zafin Minna kaɗai ya ishe ni, balle a matse mu mu shida cikin ƙarfe. Agusta da Satumba kuwa, bikin ko na wane ne a yi ba ni. Lokacin tafiya shi ne bayan ruwa ya ɗauke, kogi ya ja baya, hanya ta bushe, an fara yankan shinkafa. Har zuwa ake yi a tambaye ni, ni kuma in gyara zama in ba da fatawa kamar wata malama.

Ba haka kawai na zama haka ba. Rugarmu tana hayin Kogin Kaduna, can bayan Wushishi. Da damina ko dai ka shiga kwalekwale, ko ka zagaya ta gada ka faɗa lakar da babur ke nutsewa a ciki. Shekara tara da suka wuce kwalekwale ya kife da mu a tsakiyar Agusta. Da gashin kaina aka jawo ni. Matar da ke zaune kusa da ni sai bayan kwana biyu aka same ta. Tun ranar na rantse ni da kogin nan sai ya sauka.

Inna tana can rugar tare da ƙanena Kamalu da matarsa Basira. Ni ce 'yarta ta fari, kuma a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ina ƙarama "waccan" ce, da na yi aure na koma "mutumiyar Minna". In na je za ta tambayi lafiyar mijina, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ta turo mini ƙwaryar kindirmo tana kallon wani wuri. Na saba, amma ƙarya nake in na ce bai taɓa yi mini ciwo ba.

Bara, cikin Agusta, Kamalu ya kawo shanu biyu kasuwa ya biyo ta wajena. Shi ba ruwansa da wata, ko sama za ta faɗo sai ya haye. Ya sauke buhu a gabana ya ce, "Adda, Inna ta ce a kawo wa mutumiyar Minna."

Na buɗe, sai ga babbar ƙwaryarta. Wadda aka kai ta ɗakin miji da ita, mai zanen tsuntsaye a baki, mai ɗinki a gefe inda ta taɓa tsagewa. Tun ina yarinya nake kwaɗayinta. Na taɓa shan duka a kanta don kawai na sauke ta daga saman jere na leƙa cikinta.

Na ce, "Kai Kamalu, lafiya dai ko?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa. "Lafiya lau. Ƙafar nan ce dai take ɗan damunta."

Ni ko sakarai, sai na hau murna. Washegari na wanke ta, na zuba nono a ciki na ɗauko ta bakin gada ina taƙama.

Rachael, wadda muke kira Maman Josiah, ita ke sayar da doya kusa da ni shekara da shekaru. Ta juya ƙwaryar a hannunta, ta shafa ɗinkin, ba ta yi dariyar da nake jira ba. Sai ta ce da Hausarta ta 'yan koyo:

"Altine, wannan na mamanki ne, shi ya aiko maki? To shi zai yi jere da menene? Ni ban so wannan magana ba. Ki tafi ki duba shi."

"A wannan ruwan? Maman Josiah, so kike ki ci gadon rumfata ko?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Wata biyu ne fa. Ana yankan shinkafa ina can."

Abin haushin, ni ce Bafulatanar, ba ita ba. Ni na tashi ina ganin mata suna yarda su rabu da akuya, su rabu da zannuwansu, amma ba sa sauke jerensu suna da sauran ƙarfi. Na sani sarai. Tsoron ruwa ne ya sa na yi kamar ban sani ba.

Maigidana Garuba ma ya yi nasa. Ya ce zai ajiye kekensa na haya na kwana biyu ya raka ni, mu zagaya ta gada, inda babur ya ƙi mu taka da ƙafa. Na ce masa shi ɗan birni ne, bai san lakar can ba, ta taɓa cire mini takalmi ta haɗiye. Ya ce, "To, uwarki ce." Ya saka hularsa ya fita, ni kuma na bi bayansa da harara.

Farkon Satumba na kira wayar Basira. A rugarmu sai an hau tudun bayan garke ake samun sabis, don haka sai da muka sa rana. Da ta ɗauka na ji tana haki.

"Adda, ga Inna. Ita ta ce a kawo ta."

Ban tambayi yadda mai ciwon ƙafa ta hau tudun nan ba. Na gaishe ta, ta amsa. Ta tambayi Garuba, ta tambayi yara. Muryarta ta yi siriri, na ce a raina iska ce. Can ta ce, "Ruwa ya yi yawa a wajenku?"

"Ya yi yawa, Inna. Jiya ma har ya shiga rumfunan ƙasan gada. Amma yana ɗaukewa ina nan tafe, in sha Allah."

Na cire wayar daga kunne na duba ko ta yanke.

"To," ta ce. "Allah ya kai mu."

Na sayi atamfa, na sayi man zafi na ƙafa, na ɗaure su a jaka na ajiye bayan ƙofa. Kullum da safe in fito in dubi gabas. Hadari ya haɗo, in ce ai na faɗa. Har daɗi nake ji in an kwana ana ruwa, wai lissafina ya fito daidai.

Ranar Laraba, saura kwana huɗu Satumba ya ƙare, ina dama furar farko wayata ta yi ƙara. Kamalu ne. Bai yi sallama ba.

"Adda, Inna ta cika. Yanzu bayan asuba."

Ban san na saki ludayin ba. Maman Josiah ce ta rufe mini kaya, ta tsayar da mai babur ta ɗora ni. Ban dubi sama ba, ban tambayi wata ba. Ni da Garuba muka shiga motar Wushishi, daga can babur ya kai mu bakin kogi.

Kogin ya cika fal, ja wur, yana tafe da rassan itatuwa. Sheshi mai kwalekwale, wanda ya jawo ni da gashi shekarun baya, ya gane ni. Ya miƙo mini rigar ruwa mai hana nutsewa ya ce yanzu ba ya ɗaukar kowa sai da ita, kuma ba ya wuce mutum goma. Na shiga na zauna. Ya tayar da inji.

Wallahi ko minti ashirin ba mu yi ba. Ko zanena bai jiƙe ba. Da ƙafata ta taɓa ƙasar hayin sai na tsaya na waiwaya na dubi ruwan da na shekara takwas ina gudu, na ji kamar in kwanta a wurin in yi ta ihu.

Ban same ta ba. Sun jira ni har azahar, sai hadari ya taso, dattawa suka ce in aka ƙara jinkiri ruwa zai cika kabarin. Ƙasa ɗanya na tarar, an ɗora ƙaya a kai saboda dabbobi.

Na kama Kamalu da faɗa a gaban mutane, na ce me ya sa ya ɓoye mini. Yana kuka ya ce ita ta hana. Ta ce kada wanda ya gaya wa waccan, tana tsoron ruwa, kada a sa ta shiga kogi a kanta.

Da yamma Basira ta ja ni ɗakin Inna. Jeren babu ko ƙwarya ɗaya, duk ta rabar. Tabarmarta tana bakin ƙofa, ta ɓangaren da ake hango hanyar kogi.

"Nan take sa a shimfiɗa mata tun ranar da kuka yi waya," in ji Basira. "Goya ta na yi muka hau tudun. Kullum da safe sai ta tambaye ni ko ruwan ya ɗauke. Adda, matar da duk rayuwarta roƙon ruwa take saboda shanu, bana na ji ta da kunnena tana roƙon Allah ya tsayar da shi."

Na toshe bakina da mayafi.

"Yau da asuba ina ba ta ruwa ta riƙe hannuna. Ta ce, 'Altine ta iso?'"

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce ta rantse haka ta faɗa, ba "waccan" ta ce ba. Ta rantse.

Ruwan bara ya ɗauke ranar sha tara ga Oktoba, daidai yadda na lissafa. Kogi ya sauka, hanya ta bushe, aka fara yankan shinkafa. Jakar atamfa da man zafi tana nan bayan ƙofa, na kasa kwance ta. Ƙwaryar kuwa na daina fita da ita.

Har yanzu akwai masu tsayawa a rumfata su ce, "Altine, yaushe ya kamata a kama hanya?" Maman Josiah ce ke amsa musu, don ni bakina ba ya buɗuwa. Shekara arba'in da ɗaya ina jira in ji sunana a bakin uwata. Ta faɗe shi sau ɗaya, ina Minna ina duban hadari.