Kututturen Ayaba a Bakin Ƙofa

…kuma har yanzu yana nan, kututturen ayabar, daidai inda tsohuwa, uwar mijin Jobeda, ta yar da shi. Ɗanye shar, yana tsiyayar da ruwansa a bakin ƙofa. Jobeda ba ta kallonsa. Ta take gindin wuƙa da ƙafa, tana goga ƙananan kifaye a kaifinta, kai gefe, ciki gefe. Ba ta kallonsa, wallahi ba ta kallonsa. Sai dai duk inda ta juya yana wutsiyar idonta, kamar baƙon da ya ƙi zama kuma ya ƙi tafiya.

"Amma, na gama." Amma — haka yaran nan ke kiran uwa.

"Sake rubutawa."

"Na sake fa."

"To ƙara."

Shiuli ta mai da kai kan allo. 'Yarta. Ita kaɗai ta rage mata. Gashinta bai bushe ba tukuna, kuma can ta ƙeya, inda Jobeda ta damƙa ɗazu, har yanzu a cukurkuɗe yake, kamar hannun yana wurin…

Ɗazu da hantsi. Allo kawai ta je wankewa a matakalar gora ta bayan ɗaki. Ruwan wurin nawa yake? Iya ƙirji. Ƙirjin yarinya ma! Santsi ya kwashe ta — ko ihu babu. Abin da ba a faɗa wa mutane ke nan, ruwa ba ya barin yaro ya yi ihu. Kumfa kawai. Daga murhu zuwa matakala, ta yaya ta isa? Ba ta sani ba. Gashi ta ga yana yawo, gashi ta kama. Can gefe kuma 'ya'yan maƙwabta, 'yan mitsi-mitsi masu majina, suna ta wutsil-wutsil a ruwa kamar kwaɗi, suna tafi: "Kaza ta faɗa ruwa! Kaza ta faɗa ruwa!"

Shekararta tara. A haor, inda rabin shekara duniya ruwa ce, gida kuma ɗan tudu. Shekara tara ba ta iya iyo ba.

Uwar mijinta ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. Ta bari sai da yarinya ta gama amayar da ruwa, aka lulluɓe ta, sannan ta tofar da jan yawun goronta ta ce, "Bouma, matar ɗana, ni dai jaka ce, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. Amma ban taɓa jin wanda harafi ya tsamo daga ruwa ba. Allah ya ba ki agwagwa, kin zauna kina kiwon kaza." Sai ta ɗauki adda. Da wannan bayan nata da ya tanƙware kamar lauje. Ayabar da ko ɗa ba ta kai ga yi ba ta sare, ta jawo, tana nishi, tana hutawa, ta yar a nan. Ta shige ɗaki ta kwanta.

Haka kowa ya koya. Ka rungume kututture, ka yi ta harbin ruwa da ƙafa, har ranar da za ka waiga ka ga babu kututturen…

A'a. Kifi. A gama da kifi tukuna. Ga shinkafa ba a tace ba, ga itace duk ya jiƙe, hayaƙi kawai yake yi. Idan an ci abinci sai lissafi. Bayan la'asar karatu. Gobe ma haka. Jibi ma. Wa ya ce mata koyarwa hutu ce don ana yin ta a zaune? Kanta ne ke ciwo, nan tsakanin gira, tun farkon damina.

"Amma, wannan daidai ne?"

Shiuli ba ta juyo da allon ba. Ta san ba sai ta juyo ba. Uwarta ta fi ganin rubutu a kife.

Kai ka jawo wannan, Tuhin, ɗana. Kana zaune can, ina nan, murhu a gefe, littafinka a tsakaninmu. Kana bin baƙaƙe da yatsa kana rera su da ƙarfi kamar mai tallan gishiri, ni kuma ina fere dankali ina satar kallo. Ta wajena duk a kife suke. A kife na haddace su, ban ma san a kife suke ba, sai ranar da na ɗauki takarda na riƙe ta yadda na saba, ka faɗi ƙasa kana dariya har da shure-shure. "Amma, kin fi malaminmu! Shi ta gefe ɗaya kawai ya iya!"

Ɗan banza mai baki… Allah ya ji ƙanka.

Daga baya, da babu mai rerawa, sai takardun ƙunshi. Mai kanti na kwalekwale yana ƙunsa gishiri da barkono a tsofaffin takardun jarrabawar 'ya'yan wasu. Ta kanga su a tururin tukunya, su ɓanɓare, ta shimfiɗa ƙarƙashin tabarma su miƙe. Rabin labarin wani sarki. Rabin bayani a kan sauro. Kullum rabi — ɗaya rabin yana gidan wata da barkononta a ciki. Da su ta ƙarasa koyo, da su take koyar da Shiuli, da su da littafin Tuhin guda da ruwa ya kumbura. Tana gaban yarinyar da taki ɗaya. Wani lokaci rabin taki. Yanzu kuwa…

"Amma, idan rani ya yi ina ruwan nan yake tafiya?" Makon jiya ke nan.

Inda Allah ya aike shi.

"Na sani. Amma wane wuri?"

Wane wuri? Ta ce mata ta je ta duba agwagi.

Rabawa ma haka. Wannan lissafin da ake yi wa lamba ɗan ɗaki a zaunar da ita ciki. Ta juya takardar a kife, ta juya a miƙe, ɗakin ya ƙi buɗuwa. Ta raba kifi wa mutum nawa a rayuwarta, ba wanda ya taɓa cewa an cuce shi, amma a kan allo — shiru.

Malamar makaranta ta zo da kanta kafin ruwa ya kai haka. Apa, yara ke ce mata. Da lema, da takalmi a hannu. Yarinya ce, ba ta da girman kai, ta zauna a tabarma ta sha shayi ba madara. Ta sa Shiuli karatu, ta gyaɗa kai. Ta ba ta lissafi, ta duba, ta ajiye allon. "Karatu kam ta iya, uwar Tuhin. Lissafi da saura. Kuma ba wannan ne ya kawo ni ba. Kullum jirginmu ya wuce ina ganinta a bayan ɗakin nan tana ɗaga mana hannu. Ba wanda ta sani a ciki, amma tana ɗagawa."

Uwar Tuhin. Har yau haka suke kiranta, duk tudun nan. Ba wanda ya yi ƙarfin halin canzawa. Mijinta ma, Motaleb, can wajen fasa dutse inda maza ke tafiya da damina, idan ya kira a waya: "Uwar Tuhin, ke kike gida, ke kika sani." Ke kika sani. Ya ɗora mata ya koma ga dutsensa. Dutse ai ba ya tambaya ina ruwa yake tafiya.

Me ta ce wa Apa? Ta san dokar mai jirgin makaranta, kowa ya sani. Tun daga waccan shekarar ba ya ɗaukar yaron da bai iya iyo ba. Sai ta ce, "Ai ba ta iya iyo ba, Apa."

Da wace murya ta faɗa?

Aikin ya tsaya. Kifi a hannu, sanyi ƙalau.

Da wace murya, Jobeda? Ba muryar mai neman uzuri ba ce. Muryar mai nuna ƙulli ce — ga igiyata, ku duba, ta ɗauru tamau. Har wani sanyi ta ji a ƙirji da ta faɗa. Apa ta dube ta, ta dubi kofin shayi, ta sa takalminta a hannu.

To amma shi fa? Shi bai iya ba ne? Duk tudun nan wa ya kai Tuhin? Yaron da ke nutsewa nan ya ɓullo can gindin itatuwan da ke tsaye cikin ruwa, da katantanwa a baki. Iyon ne ma ya cire masa tsoro. Safiyar makaranta ce lafiya lau, da shinkafar jiya a cikinsa, da man kwakwa a kansa. Ta tsaya a wannan matakalar ta karanta masa addu'ar shiga jirgi, ya ce amin yana tsalle. Sai iska ta juya a tsakiyar haor, raƙuman ruwa suka tashi kamar bango… Washegari aka same shi. A gindin itatuwan nan dai. Iyo ya hana? Ku faɗa mini, ya hana?

Shi ya sa. Ta ce wannan kam a tudu za ta girma. Makaranta? Ni ce makarantar. Wanka a bokiti. Wasa a tsakar gida. Abin da ruwa bai gani ba, ba zai nema ba.

Sai ga shi ya biyo ta har bayan ɗaki. Ba iska, ba raƙumi, rana tsaka. Iya ƙirji.

Kuma hawa yake yi. Matakalar da jiya ta zauna a kai ta wanke tukunya yau babu ita. Duk shingen gora da ciyawar da aka danna a gefen tudu, yana gaigayarsu a hankali, lap… lap… kamar saniya na lasar gishiri. Idan ya shigo ɗaki fa? Shekarar da ya shigo, kowa a kwalekwale ya fita, cikin iska. Hannu biyu gare ta. Ɗaya tsohuwa, ɗaya yarinya. Idan jirgin ya kife, da wane hannu za ta yi iyo?

Kiran azahar yana zuwa daga tudun masallaci, ruwa ya ɗauko shi, yana yankewa yana dawowa. Ta ja bakin sari ta rufe kai. Uwar Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi… ita da ta ji tsoro, ruwa aka ce ta saka shi. Da hannunta. Tun Jobeda tana ƙarama take jin wannan a bakin kakarta, ba ta taɓa tunanin hannun matar ba sai yau. Yaya ta yi ta buɗe yatsu? Amma ita an yi mata alkawari za a dawo mata da shi. Ni wa ya yi mini —

Astagfirullah. Astagfirullah. Ba haka nake nufi ba, ya Rabbi. Ka san gajiya ce.

Baƙaƙen da ta tsinta a kife, rabin sarki, rabin sauro, lissafin da ya ƙi buɗuwa — abin da ba ta iya ba, shi take ta koyarwa shekara da shekaru, har kanta na tsagewa. Abu ɗaya tak da ta iya tun kafin ta iya ɗaura sari, abin da ba mai gwada mata shi a duk haor, wanda ba ta buƙatar takardar kowa a kai… shi ta ɓoye. Ita da ake kira 'yar kifi a gidan ubanta. Tun waccan safiyar ruwa bai wuce gwiwarta ba, sai ɗazu.

Idan ta koya mata, igiya ta kwance. Apa za ta dawo da lemarta. Wata safiya za ta tsaya a matakala, da man kwakwa a tafin hannu, tana karanta addu'ar nan kuma.

Idan ba ta koya mata ba…

Ta kife kwano a kan kifin saboda hankaki. Ta yi alwala, ta yi salla, ba ta san me ta karanta ba. Ta daɗe a sujada, ba roƙo, ba komai, goshi ne kawai ya sami wurin hutawa.

Kututturen ya fi yadda ta zata nauyi. Yaya tsohuwar nan ta jawo shi?

"Ajiye allon."

"Ban gama ba, Amma."

"Ajiye. Zo."

Daga cikin ɗaki tari ɗaya, na wadda ba barci take ba.

Sanyi. Gwiwa… cinya… ƙugu. Laka na shiga tsakanin yatsun ƙafa, jikinta kuma — maci amana — yana murna, yana tuna komai. Kututturen ya kwanta a kan ruwa yana lilo. Shiuli ta tsaya a matakalar ƙarshe, tana kallon wurin da ya haɗiye ta ɗazu. Ba ta ce a'a ba. Ba ta taɓa ce wa darasi a'a ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Rungume shi. Kamar filo. Ɗaga haɓa. Yanzu harba ƙafa — ba haka ba, kamar kina korar kare."

Ta damƙi rigar ta baya. Ƙasusuwan bayan yarinyar a ƙarƙashin yatsunta, ƙanana, kamar 'ya'yan carbi. Can nesa, ƙarar inji, tuk-tuk-tuk, jirgin makaranta na dawowa, hayaniyar yara na tashi sama-sama. Shiuli ta juya kai wajen, da ruwa a fuska, tana haki.

"Amma… kada ki sake ni."

Haka ita ma ta ce wa ubanta. Ya ce, ina riƙe da ke, 'yar kifi, ina riƙe. Ƙarya yake. Da ta waiga yana can nesa, hannuwa a ƙugu, yana dariya. Darasin ke nan gaba ɗaya, babu wani. Sauran duk harbin ruwa ne.

"Amma? Kina riƙe?"

Bakinta ya buɗe. Me za ta ce — ƙarya, da alwalarta?

Ƙafafun na ta harbi, rigar na ja, tana ja, kamar kifi a ƙugiya. Ta ɗaga ɗan yatsa ɗaya. Ƙaramin. Shi kaɗai, a iska.

Ya Allah… sauran fa? Sauran wa zai ɗaga mini su…