Carbin Burodi na Genowefa

Duk wanda ya san Leszek a birnin Lublin ya san ciwonsa, wato tarkacen yaƙi. Ɗakin da ya kamata a sauki baƙi ya cika shi da hulunan ƙarfe, da lambobin sojan doki, da cokulan da fursunoni suka sassaƙa, har da wani tsohon kwaɗo da yake rantsuwa daga ƙofar kurkuku aka ɓanɓaro shi. Matarsa Jola ta yi mita har ta gaji. Mutumin da ko kofin shayinsa ba ya ɗaurayewa, amma ba ya taɓa kayan nan sai da farar safar hannu.

Abin da ransa ya fi biyawa kuwa ba a ɗakin yake ba. Yana cikin gwangwanin shayi a gefen gadon surukarsa Genowefa. Carbi ne na burodi. Lokacin yaƙi Jamusawa suka kulle uwar Genowefa, a can ta riƙa rage baƙin burodin da ake ba su, ta tauna, ta mulmula, ta zura a zaren da ta zaro daga bargo. Carbin ya fito cikin kayan wanki ya iske 'yarta tana 'yar ƙarama. Uwar ba ta fito ba.

Da ciwo ya kwantar da Genowefa, sai ta sa aka kira Leszek.

"Matso nan, sarkin bola. Ranar da za a rufe ni, da wannan za a naɗe mini hannu. Kai za ka sa. Jola hannunta rawa yake yi, marmashe shi za ta yi."

"Haba Mama, wa ke zancen mutuwa? Ke da za ki binne mu duka."

"Ban tambaye ka ba. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Mama."

Ya ji ɗin, amma zuciya ba ta da ƙashi. Burodin da ya tsallake yaƙi, ya tsallake ɓera da danshi shekara da shekaru, a miƙa wa tsutsa ta cinye? Tunanin ya hana shi sakat. Ran Lahadi ya nufi kasuwar tsofaffin kaya wajen abokinsa Romek, wanda sana'arsa ke nan ya jiƙa sabuwar hular ƙarfe da ruwan tsami, ya binne a lambu, ya tono ta ta zama ta yaƙi.

Romek ya ji bayani, ya kwashe da dariya. "Kai, ba ka da tsoron Allah! Ni baƙi nake yi wa wayo, kai kuma gawa?"

"Ba wayo ba ne, ceto ne. Tarihi ne fa, Romek."

"Tarihin gidanku. Kawo hoton in gani."

Da baƙin burodi da toka da zaren da aka rina da shayi Romek ya yi aikinsa, kuma tsakani da Allah ya iya. Ranar jana'iza, kafin a rufe akwatin, Leszek ya zura farar safarsa, ya naɗe yatsun tsohuwar da na jabun a hankali. 'Yan'uwa suka yi ta share hawaye. Wata gwaggon Jola ta ce ita dai ba ta taɓa ganin suruki irin wannan ba. Na gasken yana aljihunsa, kwance cikin auduga.

Sai daga baya ya gane abin da son zuciya ya rufe masa ido bai gani ba. Daɗin tara irin kayan nan shi ne ka nuna, a tambaye ka daga ina, ka gyara zama ka ba da labari. To wannan wa zai nuna wa? Duk Alhamis abokan tarinsa na haɗuwa, wani ya cika baki a kan maɓallin rigar soja, wani a kan gwangwanin cin abinci mai lamba, shi kuwa ya yi gum. A gida ya tura carbin can ƙuryar aljihun tebur, ya daina ma buɗe wurin. In Jola ta fara gaya wa baƙi yadda Mama ta tafi riƙe da aikin hannun uwarta, sai ya tashi ya ce bari ya ɗora ruwan shayi. Kunya ta ishe shi, ga takaicin kansa.

Ya ƙudura zai mayar. Ba sai an tona ba, ya dai cusa shi cikin ƙasar kabarin, ko ba a hannunta ba yana kusa da ita. Amma yau ƙanƙara ta daskarar da ƙasa, gobe Jola ta ce za ta raka shi, jibi ya ɗauko ya duba ya ji ba zai iya rabuwa da shi ba. Haka shekara ta zagayo. Da Jola ta ce ƙasa ta zauna, magina za su zo su sa dutse kafin ranar ziyarar matattu, ya ce to. A zatonsa za a bar ɗan fili na shuka fure a tsakiya, kamar yadda aka yi wa kabarin mahaifinta.

Ranar ɗaya ga Nuwamba, ranar ziyarar, maƙabarta ta cika maƙil, kowa da kyandir da tukunyar fure. Leszek na biye da matarsa, hannunsa a aljihun kwat inda ya sa carbin, yana jin taushin audugar. Suka isa. Dutse ne baƙi guda ɗaya, sumul, daga kai har ƙafa, an liƙe gefensa da siminti. Ya zagaya shi yana neman ko da tsaga, babu inda allura za ta shiga.

"Ya yi kyau, ko?" in ji Jola. "Na ce su rufe duka, kada ruwa ya riƙa sauka ya jiƙa mata burodinta."

Ya zare hannu daga aljihunsa. Ita kuwa ta kunna kyandir, ta durƙusa, ta shiga laluben jakarta.

"Kash, na baro carbina a ɗayar jakar. Leszek, ba ka da wani a jikinka?"

"Babu," ya ce.

"To ba komai, na ja da yatsu. Mama dai nata na hannunta."