Mai Ƙirga Motocin Dapaong

Madam Memounatou tana tsintar shinkafa a faranti lokacin da Adiza mai koko ta faɗo gidan ko sallama babu, ta tsuguna kusa da ita, ta rage murya ta ce wai baƙon da ke haya a ɗakin ƙofar gida ɗan leƙen asiri ne. Duk unguwar Didaouré ta sani, in ji ta, mai gidan ce kaɗai ba ta sani ba. Kullum da sassafe yana ɗaukar kujerarsa ya tafi bakin kwalta, daidai mafitar Sokodé ta arewa, ya zauna gindin mangwaro yana rubuta lambar duk motar da ta nufi Dapaong.

"Wa yake yi wa leƙen?" Madam ta tambaya ba tare da ta ɗago kai ba.

Nan Adiza ta ɗan daburce. Mahauta sun ce sojoji yake yi wa. Masu ɗinki sun ce a'a, 'yan adawa ne suka turo shi. Shekarar dogon yajin aiki ce, lokacin da ofisoshi da makarantu suka yi watanni a kulle. Direban da ya ajiye motarsa sai sojoji su ce ɗan adawa ne, wanda ya fita da ita kuwa samari su ce ya ci amanar yaji. Saboda haka ko hannun wa takardar baƙon ta faɗa, direba ne zai kwana a ciki. Adiza ta ƙara da saƙon da aka ba ta: Salifu sarkin tasha ya ce zuwa saukowa daga masallacin Juma'a, in baƙon bai bar gidan da gindin mangwaron ba, shi ba zai iya riƙe yaran tasha ba. Ranar kuwa Talata ce.

Shekara talatin da ɗaya Madam ta yi tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, goma sha biyu daga ciki ita ce shugaba. Rabin direbobin tasha ta hannunta suka bi, har da shi Salifun, wanda ta taɓa kamawa yana kwafar sunan maƙwabcinsa tare da amsar lissafi. Aikin ya bar mata hali guda: ba ta karɓar amsa sai ta ga yadda aka yi aka same ta. Ba ta yarda da rediyon gwamnati ba, ba ta yarda da na waje ba, balle Adiza. Ba wai tana son baƙon ba ne sosai. Yana da tsawon bayani, kuma yana barin buta ba ruwa. Amma ba za ta kori mutum daga gidanta a kan maganar da masu yaɗa ta ba su ma daidaita bakinsu ba.

Da azahar ta sa aka kira shi. Mudathir sunansa, dogo siriri, tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya. Ɗalibi ne a jami'a, yana rubuta kundin babban digiri a kan yadda rikicin siyasa ke taɓa sufuri. Da ta tambaye shi aikin nasa sai fuskarsa ta washe, ya ruga ɗaki ya kwaso takardu. Shi yana ƙirga motocin da ke barin Sokodé, wata ɗaliba mai suna Husseina tana ƙirga masu shiga Dapaong, duk mako ta aiko masa da jimilla. Abin da ya gano, in ji shi, zai girgiza masana: mota tara ko goma ke fita daga nan a rana, amma saba'in ke isa can. Ma'ana, garuruwan tsakiya, su Kara da Kanté da Mango, sun fara haifar da nasu sufurin, arewa ta yaye kanta daga kudu. Ya riga ya rubuta shafi arba'in a kai, ya kuma raɗa wa abin suna da Faransanci, sunan da sai da ya numfasa sau biyu kafin ya kai ƙarshensa.

Madam ta tambaye shi ko ya taɓa hawa mota ya bi hanyar. Ya ce ƙa'idar bincike ba ta buƙatar haka, mai lura wuri ɗaya yake zama. Ta ce to da direbobi suka tambaye shi abin da yake rubutawa, me ya gaya musu?

"Na karanta musu abin da ke saman takardar, Madam, kamar yadda aka koya mana. Cewa duk bayanin da aka ɗauka sirri ne, kuma Lomé, babban birni, za a aika da shi."

Madam ta tattara takardun ta miƙa masa. Sannan ta ce ya je ya cika butar.

Laraba bayan asuba ta ɗaura kallabi, ta ɗauki jakarta ta nufi tasha. Motar da ke lodi ta Fuseini ce, wata tsohuwar bashe, irin a-kori-kura mai rufin tamfol, shaƙe da doya da buhunan gari, fasinjoji a saman kayan. Fuseini ya maimaita aji uku sau biyu a hannunta, har yanzu in ya gan ta sai ya cire hula ya rasa inda zai ajiye ta. Ya sauke wani ɗan kasuwa daga gidan gaba ya ba ta wurin, ya tambayi me za ta yi a Dapaong. Ta ce ganin hanya.

Ba su kai ga mangwaron ba Fuseini ya karya kan mota hagu, ta bayan injin niƙa, ya shiga wata 'yar hanya tsakanin gonakin rogo. Suka yi ta tangaɗi har bakin wani rafi. Can ta tarar da motoci bakwai a jere, kowace tana jiran a sauke mutane a tura ta ta haye. Har kasuwa ta kafu a wurin: masu ƙosai biyu, mai shayi ɗaya, da wani mai facin taya da ya kafa rumfa. Madam ta ƙi sauka, aka tura motar da ita a ciki.

"Fuseini, kwaltar ta lalace ne?"

"Lafiyarta lau, Madam." Ya share gumi. "Baƙonki ne. Ai sai wanda bai san gari ba ke bi ta gabansa."

Ya ce wata biyu ke nan suna wannan zagaye, ya karya sifirin ɗin ƙarƙashin mota biyu a rafin, amma gara sifirin da a zo a ɗauke mutum gaban 'ya'yansa. Ta tambaye shi ko an taɓa ɗauke wani. Ya ce a'a, ai saboda zagayen ne.

Suka hau kwalta can gaba, suka ratsa ta tsagar dutsen Alédjo motar na nishi. Shinge na sojoji, shinge na samari, a kowanne Fuseini yana da fuskar da yake sakawa. Bayan Mango zafi ya sauko sosai, doya ta fara wari, Madam ta yi gyangyaɗi. Abin da ya farkar da ita tsayawar mota ne, kusa da la'asar, suna hango garin Dapaong. Ta leƙa ta ga Fuseini tsugune da tsumma da ruwan shansa yana wanke lambar mota, gaba da baya, har da yawu a kan wani baƙin da ya ƙi fita.

Daga nan ya ja motar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A gindin wata darbejiya ga wata budurwa zaune a bayan tebur, an yi mata rumfar zana sabuwa, gefenta zabi biyu a ɗaure, da kwanon ƙwai, da tulin mangwaro. Fuseini ya danna oda, ya ɗaga mata hannu biyu har motar ta so kauce hanya. Ta duba lamba ta rubuta. Ya wuce, ya shiga ta bayan wani gidan mai da ke rufe, ya bi lungu, sai ga su sun sake fitowa kan kwalta a bayan darbejiyar. Ya sake wucewa, ta sake rubutawa. A zagaye na uku ya roƙi fasinjojin baya su sauya wurin zama, wani mai jar hula ya cire ta.

Madam ta ce ya tsaya ya yi mata bayani. Ya ce ai wannan yarinyar alheri ce. Turawan agaji ne suka ajiye ta, za su raba wa direbobi taya kyauta, kuma gwargwadon yawan fitowar lambarka a takarda gwargwadon rabonka. Ya nuna mata tayoyinsa, sumul kamar kan jariri.

Ta sauka ta tafi wurin yarinyar, ta gaya mata ko ita wace ce. Husseina ta tashi ta ba ta kujera. Takardar da ke kan teburin ita ce dai ta Mudathir, layi ɗaya, kanu ɗaya, hatimi ɗaya. Maganar taya kuwa, Husseina ta ce a ranarta ta farko wani direba ya tambaye ta amfanin aikin, ta ce irin wannan bincike ne ke sa masu ba da taimako su san abin da sufuri ke buƙata, misali taya. Misali kawai ta ce. Washegari aka kawo zabo na farko.

"Kuma ba ki lura mota ɗaya ke wuce ki sau uku ba?"

"Na lura, Inna. Amma cewa aka yi in rubuta duk motar da ta tsallake wannan layin. Ba a ce in tambaye ta ko ta taɓa tsallakewa ba." Ta ɗan kalli zabin. "Kuma wata uku ke nan ba wanda ya aiko mini da komai daga jami'a."

Madam ba ta yi mata faɗa ba. Ta karɓi takardar ranar ta naɗe a jaka, ta kwana gidan wata tsohuwar abokiyar aikinta, Alhamis ta komo ta rafin nan dai.

Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci ta riƙo Mudathir a wuyan hannu ta shiga tasha da shi. Yaran tasha suka taso, wasu da ƙarfen kwance taya a hannu, amma ba wanda ya iya wuce ta. Salifu na zaune a kan benci da farar riga. Ya miƙe ya gaishe ta, idonsa a kan ɗalibin. Ta shimfiɗa takardu biyu, ta Husseina da ta Mudathir, a kan bonet ɗin wata mota, ta ce Salifu ya karanta kanun, da ƙarfi, kuma kada ya kwafi na kowa. Aka yi dariya kaɗan. Ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu. Ta sa yatsa a kan lambar Fuseini, sau uku a ta Dapaong, babu ko ɗaya a ta Sokodé.

Sannan ta yi musu bayani irin na aji, a hankali, tana maimaitawa. Takarda ɗaya ce, aiki ɗaya ne. In ta sojoji ce, to kowannensu ya kai kansa sau uku a rana, da zabo a hannu. Amma ba ta sojoji ba ce, ba ta 'yan adawa ba ce, ba ta Turawa ba ce. Yaro ne ke rubuta littafi don a ba shi digiri, littafin da mutum huɗu za su karanta, in ya yi sa'a. Babu mai kama kowa, kuma babu taya.

Salifu ya daɗe yana duban takardun, sannan ya juya ga Mudathir.

"Malam, tsakaninka da yarinyar can, wane ne babba a aikin?"

Mudathir ya gyara tabarau ya ce shi ne jagoran binciken, ita mataimakiya ce, duk abin da ta tara wurinsa yake zuwa. Wani gunaguni ya ratsa taron. Masu ƙarfe suka mai da hannu baya. Fuseini ya dafe kai yana cewa sifirin biyu, a banza.

"Salifu, na ce babu taya."

"Mun gane, Madam," ya ce, yana gyaɗa kai cikin ladabi. "Abu irin wannan ba a faɗarsa a bainar jama'a."

Ya sa aka kawo wa Mudathir benci da ruwan sanyi, ya ba shi haƙuri a madadin tasha, ya ce rashin sani ne, ya kuma tambaye shi ko lambobin wata biyun da suka wuce za a iya cike su. Ta sake faɗa musu karo na uku, suka sake gode mata. Da suka kai ƙofar gida Mudathir ya tambaye ta, da wata ƙaramar murya, shafi arba'in ɗin fa? Ta ce bayansu fari ne, ana iya rubutu a kai.

Asabar da safe ta bi shi gindin mangwaro da 'yar kujerarta. Sun tarar an share wurin, an yayyafa ruwa, an kafa rumfa. Mai facin taya da masu ƙosai sun riga sun taso daga rafi sun jeru a gefe. Motoci suka fara zuwa, kowace lambarta na ƙyalli, su wuce a hankali da oda, su shiga ta bayan injin niƙa, su sake fitowa. Adiza ta kawo masa koko da kanta, ta ce ita dama tun farko ta ga alamar ɗan mutunci ne. Mudathir ya dubi Madam, biro a hannu, ya tambayi me zai rubuta.

"Rubuta abin da ya wuce ta gabanka. In ka gama ka miƙo mini."

Zuwa la'asar ya cika layi ɗari da huɗu. Ta ciro jan biro daga jaka, ta ɗora takardun a cinya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana soke duk lambar da ta maimaitu. Motoci talatin da uku ne suka tafi Dapaong ranar.