Hannun da ke Shafi na Huɗu

Shekara shida Nafisa tana koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Gyadi-Gyadi, babu wanda ya san tana da farfaɗiya. Magani ya karɓe ta. Abin da ciwon ya bar mata shi ne tabon ƙuna a bayan hannun dama, tun ranar da ta faɗa kan murhu. Ta san Hajiya mai makaranta sarai: ranar da iyaye suka ji, ranar za a sallame ta.

Ran Talata lokacin tara, Malam Ɗahiru mai koyar da lissafi ya tsaya a bakin ajinta yana jujjuya waya.

"Malama, kin san wani Dokta Istifanus, likitan ƙwaƙwalwa?"

"Me ya faru?"

"Wani rubutunsa na gani. Akwai hoton wani hannu a ciki." Ya dubi hannunta, ya kau da kai. "Shi ke nan dai, ma yi magana."

Ta ja hijabi ta rufe hannun. Har aka tashi tana lura da shi. Sau biyu ya shiga ofishin Hajiya, na biyun ya daɗe.

Da la'asar ta hau adaidaita zuwa Tarauni, inda likitan nata ke duba marasa lafiya. Ya tare ta da fara'a, ya juyo mata da kwamfuta. Binciken a kan ƙuna ne ga masu farfaɗiya, shi da abokan aikinsa na Zariya da Nairobi suka rubuta. Ya ce masana sun ambace shi a nasu rubuce-rubucen fiye da sau ɗari biyu, har wasu asibitoci sun fara yi wa majinyata gargaɗi kan girki su kaɗai.

"Ina hannuna?" in ji ta.

Ya gangara shafi na huɗu. Babu suna, babu fuska. Amma ga tabon, ga zoben azurfar mahaifiyarta, wanda yanzu ma yake yatsanta.

"Kin sa hannu a takardar yarda, Malama."

"Na sa. Ka ce likitoci ne za su gani. Malam Ɗahiru likita ne?"

Ya cire tabarau ya ajiye. Can ya ce, "Zoben nan kuskurena ne. Yau zan rubuta wa mujallar su cire hoton. Wanda ya riga ya sauke kuwa, ba ni da iko a kansa."

Ta miƙe. Ya ce, "Tsaya. Me abokin aikin naki yake koyarwa?"

"Lissafi, aji huɗu."

"To me ya kai shi nan? Rubutun nan ba ya zuwa wa mutum da kansa, sai an nema. Masu bincike ke nemansa, sai kuma wanda abin yake gidansa."

Ba ta yarda ba. Likita ne, yana neman wanke kansa.

Washegari ta riga kowa zuwa. Da Ɗahiru ya jingine babur ɗinsa, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, me ka gaya wa Hajiya jiya?"

"Izini na nema. Na ranar Alhamis." Ya waiga ko akwai mai ji, ya rage murya. "'Yata Khadija ce, zan kai ta wurin likitan nan. Sau uku ke nan tana faɗuwa. Kakarta ta ce iska ce, an yi ta hayaƙi. Uwarta ma ta hana a faɗa wa kowa."

Nafisa ta daɗe tana kallonsa, tana neman ƙarya a fuskarsa. Idanunsa sun yi ja.

"Ran Alhamis layi yana da tsawo," ta ce a hankali. "Ku je kafin bakwai. Kuma kada a bar ta kusa da wuta."

Ya gyaɗa kai. Bai sake kallon hannunta ba. Duk da haka, kafin ta shiga aji, ta zare zoben ta jefa cikin jaka.