Tauraron da Bai Jira Ta'aziyya Ba

Farantin kamun sigina mai naɗewa. Kwamfuta. Batir. Kebul. Turmin atamfa na mahaifiyata, Inna Delu. Su ke nan a gabana cikin jirgin ruwan da ya ɗauko mu daga Yelwa zuwa ƙauyenmu na bakin tafkin Kainji, kusa da Wara.

Kamfanin da nake wa aiki a ƙasar waje ya harba ƙaramin tauraron ɗan Adam, bai fi akwatin kaya girma ba, mai sauko da fina-finai da wasan ƙwallo inda babu sabis. Ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da hantsi yake ratsa saman tafkin, ɗan lokaci kaɗan, ya wuce. Safiya biyu aka ba ni in kama shi. In na kasa, a kai gwajin zuwa wata ƙasa, aikina ya bi shi.

Washegari na kafa farantin a tsakar gida. Ina cikin daidaita shi sai ga Kawu Dogo, yayan Inna.

"Jamila, ɗauko mayafi. Gidan Tamada za mu."

"Kawu, a bari sai bayan azahar."

"Mijinta ya rasu kina can. Kin kwana garin ga ba ki yi mata gaisuwa ba, kin tsaya shanyar faranti?"

"Abin zai wuce."

"Shi wuce mana. Wa ya aike shi sama?"

Inna ta miƙo mini mayafin.

Muka tafi. Daga gidan Tamada sai gidan masuncin da jirginsa ya kife, sai na tsohon liman. Ko'ina a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Muna gidan liman ƙararrawar da na saita a wayata ta yi ƙara cikin jaka. Tauraron yana bisa kanmu. Na shafa fatiha tare da kowa.

Da muka dawo, allon kwamfutar wayam.

"To, ina fim ɗin?" in ji Kawu. "Mutane na ta tambayata." Ya karkaɗe hularsa. "Gobe da hantsi sai gidajen hayin ruwa. Na riga na aika musu."

Na zura kebul ɗin ta taga, na kwashe kwamfutar da batir zuwa ɗaki. Na rufe ƙofa, na sa sakata.

"Kawu, gobe ba ni fitowa sai ya wuce. Waɗanda suka mutu ba inda za su."