Kifayen Malam Badaru

Yaya Barakatu ta sake gutsuro gumba, ta murmushe ta tsakanin yatsunta, ta ɗaga murfin akwatin gilashin ta watsa.

"Ku ci, bayin Allah," ta ce wa kifayen. "Allah ya kai ladan kabarin mai ku."

"Amin," matan da suka cika falon suka amsa.

Hadiyya na zaune a kusurwa kan tabarma, lulluɓe da tsohon mayafi, carbi a hannunta amma ba tasbihi take ƙirgawa ba. Karo na biyar ke nan da aka watsa wa kifayen gumba tun hantsi. Yau kwana uku da rasuwar mijinta Malam Badaru, wanda ya shekara talatin yana koyar da ilimin halittu a sakandare a nan Daura. Da ya yi ritaya, sa'o'insa suka sayi tumaki, shi kuwa ya tafi Kano ya dawo da kifaye shida a cikin leda. Diskas ake ce musu, zagayayyu kamar ƙaramin faifai, ja da shuɗi. Gari ya yi masa dariya har ya gaji.

Shekara huɗu tana kallon yadda yake yi da su. Zuciyar saniya yake karɓowa wurin Kabo mahauci, ya cire kitsen, ya niƙa, ya ba su abin da bai wuce ƙwayar gyaɗa biyu ba. Abin da ba su cinye a minti uku ba sai ya zuƙe shi da tiyo. Kowace safiya yakan rage ruwan, ya cika da wanda ya kwana a duro a bayan ɗaki, don na famfo kai tsaye yana ƙona musu huhu. A asibiti, da maganarsa ta fara sarƙewa, bai yi mata wasiyyar gona ba. Cewa ya yi, "Hadiyya, ruwan nan. Kada ki bari ya yi duhu."

Yanzu ruwan ya koma kamar wanda aka wanke gero da shi. Gumba ta kwanta a ƙasa tana kumbura. Kifayen sun yi baƙi, sun matse fukafukansu, huɗu sun taru a sama suna buɗe baki. Babban, wanda Malam yake kira Ɗantsoho, ya karkata a bayan dutse.

Ba mugunta ba ce ta sa Yaya Barakatu haka. Ita ce babbar yayar marigayin, ita ta goye shi. Daga Dutsi ta taho da asuba da ƙwarya cike da gumbar sadakar uku, ta tarar ɗan ƙaninsu Yazid ya tsaya a ƙofar gida yana sanar da maza cewa ba za a yi taron uku ba, bidi'a ce. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a yaron ya zama mai fatawar dangi. Tsohuwar ta shigo da ƙwaryarta tana huci, ba ta da inda za ta kai ta, sai idonta ya faɗa kan kifayen.

"To waɗannan ma bidi'a ce a ba su?" ta ce. "Ya shigo ya hana ni mu gani."

Daga nan duk wadda ta shigo gaisuwa sai an miƙa mata ɗan gutsure ta jefa.

"Hadiyya, ya haƙuri?" wata maƙwabciya ta durƙusa gabanta.

"Da godiya."

"Allah ya jiƙan Malam."

"Amin, na gode."

Ta ji ƙarar moɗa na bugun duro a bayan ɗaki. Masu alwalar azahar ne ke cika butoci. Ruwan da Malam ya tara da hannunsa ke nan, kuma in ya ƙare babu wani sai gobe. Kifayen ba za su kai gobe ba.

Tun ranar farko aka karanta mata dokokin takaba: kada ta ɗaga murya, kada ta yi sauri, kada ta taɓa aiki sai an yi bakwai. Hadiyya ta yi karatunta na Risala tun tana budurwa, kuma ba ta ga ko ɗaya daga cikinsu a ciki ba. Amma sanin abu a littafi daban, miƙewa a gaban dangin miji talatin daban. Ta san abin da za a kai Dutsi: ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, tana wasa da kifi.

Yaya Barakatu ta sake kai hannu ƙwarya.

"Yaya," Hadiyya ta ce a hankali, "a bar su haka. Sun ƙoshi."

"Sun ƙoshi? Ba kya ganin yadda suke buɗe baki? Yunwa ce ke cin marayun nan."

"Numfashi suke nema."

"Kifi da numfashi! Ke dai ja carbinki, amarya. Boko ya kashe mini ƙane da wahala, kada ki ɗora."

Wasu suka yi 'yar dariya cikin mayafi. Moɗa ta sake bugawa, wannan karon da amon duron da ya kusa rabi.

Hadiyya ta ajiye carbin ta miƙe. Ta tsallake ƙafafun mata, ta leƙa ta taga ta ce da ƙarfi, muryar da ita kanta ba ta ji ba kwana uku, "Don Allah a bar duron nan! Ga randa can." Ta jawo bokiti da tiyo daga ƙarƙashin teburin, ta naɗe hannun riga, ta tsoma bakin tiyon guda har ƙasan akwatin, ta sa ɗayan a bakinta ta tsotsa. Ruwa mai tsami ya cika mata baki. Ta tofar, ta saki tiyon a bokiti.

"Innalillahi!" wata ta ce. "Mai takaba?"

Ba ta waiga ba. Tana bin ƙasan akwatin da tiyon, ruɓaɓɓiyar gumba na bi tana fita. Da ta ɗaga dutsen, Ɗantsoho ya taso a kan gefensa, ya juya ciki sama. Ta sa tafi ta ɗauko shi, ta shimfiɗa shi a kan murfin.

Yaya Barakatu ta matso da ƙwaryarta a ƙirji. Ta daɗe tana kallon kifin. Ta taɓa shi da yatsa.

"Ni na yi wannan?"

Hadiyya ta ci gaba da bin ƙasan akwatin da tiyon.

"Sauran fa?"

"In an sauya ruwan yanzu, wataƙila. Sannan kwana uku ba za a ba su komai ba."

"Komai?"

"Ko ƙwaya."

Tsohuwar ta dubi gumbar da ke ƙwaryarta. "A waje an hana ni, a ciki an hana ni. To ni me zan yi wa Badaru?"

Bokitin ya kusa cika. Hadiyya ta toshe bakin tiyon da babban yatsa, ta dubi yayar mijinta.

"Wannan na buƙatar a zubar, Yaya. Sau shida za a yi."

Yaya Barakatu ta dubi bokitin, ta dubi matan. Ta miƙa wa ta kusa da ita ƙwaryar, ta gyara ɗaurin zaninta, ta sunkuya.

"Ku ba ni hanya," ta ce.