Ƙarar Tayar Gaba a Hanyar Beli

Da Mubina ta je kamfanin hayar motoci a Kano, Lukumanu mai kula da wurin ya nuna mata wata sabuwar mota fara ƙal, otomatik. Ta zagaya ta sau ɗaya, ta wuce can ƙarshen layi inda wata mota mai ruwan toka take ajiye.

"Wannan mai giya ce, Hajiya," in ji Lukumanu. "Sai ta yi wata guda ba wanda ya tambaye ta."

"Ita nake so. Buɗe min bonet."

Ta zaro sandar gwajin baƙin mai ta duba, ta leƙa ruwan lagireto, ta sa aka fito da jak da safaya taya ta gani da idonta. Sannan ta karɓi makulli.

Mubina malamar lissafi ce a makarantar sakandare, amma a gindin mota ta tashi. Mahaifinta, Malam Liti, ya yi shekara talatin da huɗu yana jan motar haya tsakanin Rogo da Kano. Wata biyu da suka wuce aka yi masa aikin ido, likita ya hana shi tuƙi, tsohuwar motarsa kuma tana gareji an sauke inji. Ga shi ƙaninsa Sulle ya aiko daga Beli cewa an cire gyaɗa a gonar gado, ya zo ya gani. Malam Liti ya rantse ba zai shiga motar tasha wani ya tuƙa shi ba.

Da ta tsaya a ƙofar gida, ya fito da baƙin tabarau, ya leƙa ciki, ya ga sandar giya. Sai ya shiga gaba ya gyara zama.

Sun wuce Gwarzo kafin ya yi magana.

"Kina jinkirin sa giya ta huɗu."

"Ba irin taka ba ce, Baba. Wannan tana son a ja ta kaɗan."

Ya kasa kunne ga injin na ɗan lokaci. "Haka ne. Tana da numfashi."

Daga nan hira ta ɓarke. Ya yaba yadda take kwanciya a kwana, ya kushe taushin sitiyarin, ya ce mota ce ta 'yan birni amma mai hankali. Mubina ta ce birkinta ya fi na duk motar da ta taɓa ja.

Bayan sun fita daga Karaye suka tarar ana gyaran hanya, aka karkatar da su ta kan tsakuwa. Suna komawa kwalta sai wata ƙara ta tashi daga gaba, siririya mai tsinin gaske, kamar ana wasa wuƙa.

"Tsaya!" in ji Malam Liti. "Boris ne. Tayar gaba ta hagu. Sun ba ki mota da mataccen boris."

Mubina ta rage gudu, ta sauke gilashi, ta murza sitiyari dama da hagu a hankali. Ƙarar ba ta canza ba. Ta taka birki, ta ji ta ɗan sauya.

"Ba boris ba ne, Baba. Boris gurnani yake yi, kuma yana ƙaruwa a kwana. Tsakuwa ce ta maƙale a bayan faifan birki."

"Ni za ki gaya wa boris? Kira masu motar su aiko da wata."

"In na kira su, sai la'asar muna nan. Ba ni minti goma."

Ta gangara ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa, ta ja birkin hannu, ta sa dutse a bayan taya. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta sassauta notuna, ta ɗaga motar da jak. Wasu mata masu ɗauke da ƙwaryar nono suka tsaya kallo. Malam Liti ya tsuguna a gefenta, yana karɓar notunan ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a hularsa.

Da tayar ta fita, ta sa bakin sukudireba ta ɗan tura farantin ƙarfen da ke bayan faifan. Wata 'yar tsakuwa, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, ta faɗo ƙasa.

Malam Liti ya lalubo ta, ya mirgina ta a tafin hannunsa. Ya kama faifan ya juya, shiru. Ya girgiza shi, ba motsi.

"Boris ɗin lafiya lau," ya ce. Sai ya fashe da dariya har tabarau na zamewa. "Shekara talatin da huɗu! Yau ga tsakuwa ta kayar da ni."

Da ta mayar da tayar, shi ya ɗaure notunan da kansa, ya ce wannan aikin ba ya bukatar ido. Mubina ta bi bayansa ta ƙara matse kowanne, bai hana ta ba.

Sun isa Beli ana kiran sallar azahar. Baffa Sulle ya taso daga gindin tarin gyaɗa yana yi musu barka da zuwa, aka gaisa, aka tambayi mutan gida da gajiyar hanya. Ya dubi motar, ya dubi hannun Mubina da ya yi baƙi.

"Yaya, lafiya kuwa? Ko motar ta ba ku wahala?"

"Wace wahala?" in ji Malam Liti. "Kawo mata ruwa da sabulu. In mun ci abinci ka shirya, akwai buhun taki da kake ta cewa za ka ɗauko a Rogo Sabon Gari. Ita za ta kai mu. Ka zauna a baya ka ga tuƙi."